Waƙarmu a Bakin Wasu

Ni ne sakataren ƙungiyarmu, ba don na fi kowa boko ba sai don ni kaɗai ke da kwamfuta. Ƙaramar ƙungiya ce ta guragu a Kano, yawancinmu masu walda ne da gyaran keken hannu, kuma kusan dukkanmu shan-inna ce ta kayar da mu tun muna yara. Ofis ɗinmu benci biyu ne a gindin darbejiya, bayan shagon shugabanmu. A nan nake zaune, cikin azumin 2023, wata lauya 'yar unguwarmu da ke aiki a Abuja ta kira ni.

"Yaya, kuna son ku kai ƙorafinku Majalisar Ɗinkin Duniya?"

Na ce, "Barista, azumi ne ya taɓa ki? Mu da ko sakatariyar ƙaramar hukuma ba ma iya hawa?"

Ta yi dariya, ta ce ai shi ne ƙorafin. Daga nan ta shiga bayani. A Jeniba ta ƙasar Suwizalan akwai Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan'adam, kuma tun 2008 take da wani tsarin bita da ake kira UPR a taƙaice, inda ake zaunar da kowace ƙasa a yi mata titsiye kan yadda take riƙe jama'arta. Duk ƙasashe 193 ana bin su a layi, babba da ƙarama, kowace bayan kamar shekara huɗu da rabi. An yi wa Najeriya a 2009 da 2013 da 2018, na huɗu kuma zai zo a Janairun 2024. Takardu uku ake ɗora zaman a kansu: rahoton da gwamnati ta rubuta kan kanta, abin da hukumomin Majalisar suka tattara, sai kuma taƙaitaccen abin da ƙungiyoyin fararen hula suka aiko. Ta ukun nan ce ƙofarmu, kuma ba a tambayar rajista da Majalisar kafin a karɓa. Ko ƙungiyar gindin bishiya za ta iya aikawa.

Da na kai wa shugabanmu maganar, bai ɗago daga ƙarfen da yake yankewa ba. Ya ce, "Sakatare, Turawan da ba su san Kurna ba ne za su gina mana hanya?" Ni ma tambayar na raina. Da Barista ta zo hutun ƙaramar salla sai muka tsare ta da ita. Ba ta yi mana alkawarin komai ba, tarihi ta ba mu. Ta ce yarjejeniyar duniya kan haƙƙin nakasassu, wadda aka amince da ita ranar 13 ga Disamban 2006, Meziko ce ta kawo shawarar a yi ta a 2001, amma a zama takwas da kwamitin rubutawa ya yi tsakanin 2002 da 2006, ƙungiyoyin nakasassu na ɗakin, suna miƙa gyara, suna bin wakilan ƙasashe har wurin shan shayi. Ba su da ƙuri'a ko ɗaya, amma sai da aka sa a sashe na 4 cewa dole gwamnatoci su riƙa tuntuɓar nakasassu ta hanyar ƙungiyoyinsu kafin su yi dokar da ta shafe su. Najeriya ta sa hannu a 2007, ta tabbatar a 2010. Kuma daga wannan yarjejeniya ce dokarmu ta 2019 ta samo tushe.

Dokar nan mun san ta kamar yunwar cikinmu. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudirin fiye da sau ɗaya a zamanin Jonathan bai sa hannu ba, sai ranar 23 ga Janairun 2019 Buhari ya sa, bayan nakasassu sun yi zanga-zanga a ƙofar majalisa. Barista ta so ta jingina abin da bitar Nuwamban 2018, ni kuwa na ce mata zaɓe ne ya matso, kuma mutanenmu sun tare ƙofa. Ta ce duka biyun, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dokar ta hana nuna wariya, ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, naira miliyan 1 ga kamfani, ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda za mu iya shiga. Ina lissafi da yatsu sai na ga wa'adin zai cika a Janairun 2024, watan da za a titsiye Najeriya. Wannan ne ya sa shugaba ya ajiye zarto.

An ƙayyade tsawon rahoto: ƙungiya ɗaya kalma 2,815, haɗaka kuma 5,630. Muka zaɓi haɗaka, muka nemo 'yan'uwa makafi da kurame da zabaya. Zaman farko ya kusa tashi baram-baram. Kowa da inda ɗakinsa ke yoyo. Kurame suka ce mai fassarar yaren hannu a asibiti, makafi suka ce littattafan makaranta na rubutunsu, zabaya suka ce man kariyar rana da ciwon dajin fata, mu kuma matakala. Hatta sunan da za mu kira kanmu sai da aka yi awa guda a kai, ko "nakasassu" ko "masu buƙata ta musamman". Wani dattijo daga manyan makafi ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Yara, ni shekara sittin ana ce mini makaho ban mutu ba. Ku rubuta abin da zai sa jikata ta samu littafi." Muka ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," aka wuce wurin.

Barista ta kafa mana sharaɗi ɗaya: duk abin da ba mu gani da ido ko muka ji daga bakin wanda abin ya faɗa wa ba, ba ya shiga. Kuma kada a sa sunan kowa sai da yardarsa. Na ari awon tef daga wani kafinta, muka raba unguwanni. A daidai lokacin ne, ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Kuɗin Adaidaita da muka tanada na wata guda bai kai mu mako biyu ba. Sauran zagayen da keken hannu na yi shi, cikin zafin bazara, ɗan ƙanena na tura ni in an zo hawa.

Abin da na koya a zagayen nan shi ne ba rashin tudun hawa ne kaɗai matsala ba, har da tudun da aka yi don a ce an yi. Ma'aunin da aka sani shi ne duk taku ɗaya na tsayi a ba shi taku goma sha biyu na tsawo. A wani ofishi na tarar da siminti an zubo shi daga ƙofa zuwa ƙasa kamar zamiyar yara, an shafe shi da tayil mai santsi, ƙarshensa kuma a bakin kwata. Maigadin wurin ya nuna mini shi da alfahari, ya ce, "Malam, ga naku nan." Na ce ya hau kekena ya gwada. Ya duba tudun, ya duba kwatar, ya ce yana bakin aiki. Na auna, na ɗauki hoto, na rubuta rana da sa'a.

Mata biyu daga cikinmu su suka zauna da matan kurame, ta hannun wata malamar makarantar kurame. Labari ɗaya bai bar ni na yi barci ba. Wata baiwar Allah ta je haihuwa wani asibiti, aka yi ta yi mata magana tana nuna kunnenta, har aka kai ga yi mata aiki ba ta san me za a yi mata ba sai da ta farka ta ga ɗinki. Mijinta na waje, an hana maza shiga. Ta yarda a rubuta, amma ta ce kada a sa ko harafin farko na sunanta, domin can za ta koma in ta sake samun ciki.

Rubutun ne ya fi ba ni wuya. Da Hausa muka tattara komai, amma ba a karɓa sai da ɗaya daga harsuna shida na Majalisar, don haka muka juya shi Turanci, kuma a hanyar juyawar ya rame. Daftarin farko da na aika wa Barista ya haura kalma dubu tara. Ta dawo da shi ja-wur. Na rufe shi da cewa muna roƙon gwamnati ta ji tsoron Allah ta tausaya wa nakasassu. Ta ja layi a kai ta rubuta a gefe: "Yaya, wace ma'aikata ce za ta aiwatar da wannan, kuma zuwa yaushe?" Na ji haushi kwana biyu. Daga baya na gane nufinta. Shawarar da za ta yi amfani ita ce wadda ke da mai yi, da abin yi, da lokaci, ta yadda bayan shekara huɗu za a iya cewa an yi ko ba a yi ba. "A inganta rayuwar nakasassu" kowace gwamnati za ta amince da shi ta yi barcinta. "A fitar da jerin gine-ginen gwamnatin tarayya da suka cika ƙa'idar dokar 2019, a ware kuɗin gyaran sauran a kasafi" kuwa yana da ƙaya. Labarin matar nan, da ya ci shafi biyu a Hausa, ya koma sakin layi ɗaya mai lamba. Har yanzu ina ganin mun rage mata wani abu, ko da yake ban san yadda za mu yi ba in ba haka ba.

Ranar 18 ga Yuli ce ranar rufewa. Ta intanet ake ɗorawa, bayan an buɗe wa ƙungiya shafi. Wuta ta ɗauke tun safe, batirin kwamfutata kuma ya tsufa, sai a shagon mai cajin waya na ƙarasa, janareto na ruri a bayana. Da saƙon "an karɓa" ya shigo, na nuna wa mai shagon. Ya ce, "To madalla. Cajin naira ɗari biyu ne."

Sai jira. Wajen ƙarshen shekara taƙaitaccen rahoton ƙungiyoyi ya fito, shafi goma kacal na ainihin bayani ga duk Najeriya: 'yan jarida, gidajen yari, mata, malalar mai a Neja Dalta, hukuncin kisa, komai. Ba a kiran haɗaka da sunanta a ciki, harafi biyu ake ba ta, JS, da lamba. Na bi da yatsa har na samu tamu a ƙarƙashin batun nakasassu. Layi biyu da rabi. Wata uku na aiki, da kumburin kafaɗa, layi biyu da rabi. Na kira Barista raina a ɓace, ta ce, "Yaya, akwai waɗanda ko layi ɗaya ba su samu ba. Kuma aikin bai fara ba tukuna."

A nan ne na fahimci cewa matsayinmu na masu ba da shawara ne kawai. A ranar bita ƙungiya ba ta da bakin magana. Ana iya barin wakilanta su zauna su kalla, amma ƙasashe ne kaɗai ke yi wa ƙasa tambaya su ba ta shawara. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to a Jeniba mai waƙar ba ya rerawa, sai dai ya nemi wanda zai koya wa. Tun daga kundin kafa Majalisar Ɗinkin Duniya na 1945 haka aka tsara, sashe na 71 "tuntuɓa" ya ce a yi da ƙungiyoyi, bai ba su kujera ba. Akwai wata ƙungiya a Jeniba, UPR Info, da ke shirya zaman share fage makonni kafin bita, inda 'yan ƙalilan daga kowace ƙasa ke yi wa jami'an diflomasiyya bayani kai tsaye. Mu ba mu je ba, kuɗin jirgi a lokacin da naira ke zubewa ya fi ƙarfin haɗakarmu gaba ɗaya. Abin da muka iya shi ne Abuja.

Muka matse rahoton ya koma takarda ɗaya: matsala uku, shawara uku. Barista ta duba waɗanne ƙasashe ne suka taɓo batun nakasassu a 2018, ta rubuta wa ofisoshin jakadancinsu. Yawanci ba su amsa ba. Uku suka ba mu lokaci, muka tafi ni da ita da wata matashiya kurma da mai yi mata fassara. A ofishi na farko an ba mu shayi, an yi ta gyaɗa kai, an raka mu ƙofa. A na biyu kuwa wata jami'a ce matashiya, da ɗan littafinta a hannu, ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce ƙasarta shawara biyu ko uku kawai za ta iya bayarwa, hedikwatarsu ce ke da ta cewa, kuma akwai masu neman a yi maganar hukuncin kisa da 'yancin jarida. "Ku ba ni jimla ɗaya da zan iya karewa." Na fara ba ta labarin tudun kwata, Barista ta taɓa hannun kekena. Na yi shiru na nuna mata shawara ta farko a takarda. Ta karanta sau biyu, ta tambayi ko dokar ta tanadi wa'adin da gaske, muka buɗe mata wurin. Ta ja layi a ƙarƙashi. Minti ashirin duka-duka. Da muka fito, yarinyar nan kurma ta yi wata alama da hannu, mai fassara ta ce tana tambaya ne ko an saya ko ba a saya ba. Ba wanda ya san amsa.

Ranar Talata 23 ga Janairun 2024, shekara biyar cif da sa hannu a dokar, aka zaunar da Najeriya. Da safe Sin aka yi wa, mu da rana. A lokacin hunturu agogon Jeniba da na Kano ɗaya ne, don haka bayan azahar muka taru a shagon shugaba, an tura kekuna gefe, na ɗora kwamfuta a kan durom, muka kama tashar Majalisar ta intanet. Ga zauren nan da rufinsa mai launi-launi kamar an watsa fenti ya daskare. Ministan shari'a, Lateef Fagbemi, shi ya jagoranci tawagar Najeriya. Awa uku da rabi ake yi, minti 70 na ƙasar da ake bita, 140 a raba wa sauran. Saboda yawan masu son magana, kowace ƙasa ko minti biyu ba ta samu ba. Sai ka ga jakada na zuba kamar mai gwanjo, ya yi gaisuwa, ya yaba, ya jefa shawara uku, a kashe masa makirfo. Ina fassara wa makafi da Hausa, malamar nan na juya wa kurame da hannu, ƙura na shigowa ta ƙofa. Muka tashi sallar la'asar bi da bi don kada a bar kwamfutar ba kowa.

Ƙasashe da dama sun ambaci nakasassu, yawanci da irin lafazin nan mai santsi, a ci gaba da ƙoƙari, a ƙara himma. Can sai ga tutar ƙasar jami'ar nan. Wani mutum da ban taɓa gani ba ya karanta, cikin daƙiƙa kamar goma, cewa ƙasarsa na ba Najeriya shawarar ta aiwatar da dokar 2019 gaba ɗayanta, har da gyaran gine-ginen jama'a. An cire jerin gine-gine, an cire kasafi. Amma dokar da sunanta, ginin da sunansa. Shagon ya kaure da kabbara. Baba ya ce, "Tamu ce?" Na ce, "Ta yi kama da tamu, Baba." Gaskiyar ke nan da zan iya faɗa. Manyan ƙungiyoyin nakasassu na ƙasa sun yi ta faɗin haka, wataƙila ma sun riga mu zuwa ofishin. Ba a rubuta wa shawara sunan uba.

Sama da shawara 300 aka ba Najeriya a zaman. Ƙasa ba ta cewa ta ƙi, amsa biyu ce: ko ta amince, ko ta ce ta lura da ita. Da na fassara wa Baba ta biyun, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wato 'mun ji'. Ai hakimai sun riga Turawa sanin wannan." A zaman Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan'adam na tsakiyar 2024 Najeriya ta amince da mafi yawa, irin su soke hukuncin kisa kuma suka faɗa cikin "mun ji". Wadda muke bi tana cikin waɗanda aka amince da su. A wannan zaman ne kaɗai ake ba ƙungiyoyi minti 20 su yi magana, kuma sai masu rajistar tuntuɓa da Majalisar, wadda mu ba mu da ita. Wata babbar ƙungiya ta yi magana kan nakasassu, mu muna kallo daga kan durom.

Na buga shafin da shawarar take, da shafin da ke nuna an amince, na haɗa da sashen dokar da hoton tudun kwata, na sa a leda. Da su na koma ofishin nan mai tudun kwata. Sau uku ina zuwa ana cewa oga ya fita. A na huɗu ya sauko da kansa, tunda ni ba zan iya hawa ba, muka yi magana a farfajiya, rana na dukanmu. Da ina zuwa irin wuraren nan da "a taimaka". Ran nan cewa na yi, "Ranka ya daɗe, ga abin da gwamnatin tarayya ta amsa a gaban duniya, ga kuma doka, wa'adi ya wuce." Ya juya takardun, ya daɗe a kan tambarin Majalisar, ya tambayi ko sunan ofishinsa na ciki. Na ce babu, amma akwai rahoton tsakiyar zango da ƙungiyoyi ke iya aikawa, kuma ina da tef. Ya ce zai duba.

Bayan wata biyar maigadin ya kira ni, domin na bar masa lambata. An fasa tayil ɗin, an kawo yashi, birkila na wurin. Na tarar ya riga ya kafa katako, kuma da ido na ga tsawon bai kai ba. Na fito da tef muka auna tare, taku bakwai ya ba kowane taku maimakon goma sha biyu. Ya ce in ya ja shi haka zai shiga wurin ajiye motar oga, kuma simintin da aka ba shi buhu huɗu ne. Na ce ya karya shi biyu, ya yi kwana a tsakiya ya bi jikin bango, na zana masa a ƙasa da tsinke. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce sai an ƙaro buhu uku, kuma ba shi zai hau sama ya roƙa ba. Na ce ya kira mini ogan ya sauko.